Kwamfutar da Ustaza Hadizatu Ta Shirya wa Hannun Hagu

Kafin rana ta yi zafi a ƙauyenmu da ke kusa da Mai Wurno, Ustaza Hadizatu ta riga ta sha shayinta, ta yafa tob, wato babban mayafinta, ta rataya tsohuwar jakarta a kafaɗa. Wanda bai san ta ba zai zaci littattafai ne cike da jakar. Akwai littafi ɗaya ko biyu, amma sauran sukudireba ne, da burushin share ƙura, da 'yan filash na adana bayanan kwamfuta da ta ɗaura wa zare kala-kala don kada ta rikita su, ko da yake tana rikita su ɗin. Sai ta bi bakin magudanar ruwan gonaki tana gaisawa da manoma, har ta isa makarantar 'yan mata inda ta daɗe tana koyar da kwamfuta. In akwai wuta, a kunna injina. In babu, ta zana madannai a allo da alli, yara su yi ta danna teburansu da yatsu. Da ta dawo gida kuwa, da wuya ba ta tarar da wani zaune a inuwar rumfarta ba, rungume da abin da ya mutu masa: waya, ko firinta, ko kwamfutar ofis.

A wannan watan za ta aje aiki. An shirya mata ɗan taro a makaranta, za a sha lemo, a yi jawabi da Larabci, a watse. Na ga bai kamata maganarta ta tsaya nan ba.

Ita ba injiniya ba ce, kuma ita ce ta farko da za ta gaya maka haka. Ɗan kwas ta yi a Sinnar tun tana da ƙuruciya, sauran duk da ɓatawa da gyarawa ta koya. Adam mai shago yana ba da labarin yadda ta ciro masa hotunan marigayiya mahaifiyarsa daga wayar da ta faɗa ruwa. Akwai ɗalibanta da ke aiki a ofisoshin Sinnar da Damazin, waɗanda a hannunta suka fara taɓa kwamfuta. Amma aikinta da ya fi zama a zukatan mutanen ƙauyen nan shi ne wanda ta yi cikin ruɗewa daga farko har kusan ƙarshe.

Hakim Hashim shi ne ma'aikacin lafiya na ƙaramin asibitinmu. Ba babban likita ba ne, amma Hakim muke ce masa, kamar yadda ake kiran irinsu a nan. Shekarun baya ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi. Allah ya taimaka, ya dawo daga asibitin Sinnar da ƙafarsa, maganarsa ma ta dawo. Hannun dama ne bai dawo ba, ido kuma ya rage gani. Duba marasa lafiya bai gagare shi ba. Abin da ya tsaya masa shi ne rahoton wata, wanda ofishin lafiya ke so a buga da kwamfuta a aika. Saƙo ya zo cikin ladabi cewa in abin ya yi masa nauyi, zai iya hutawa, a riƙa turo wani daga gari lokaci-lokaci. Wanda za a turo ɗin ba ya jin Hausa. A ƙauyen nan kuwa akwai tsofaffin da Larabcinsu bai wuce gaisuwa da cinikin albasa ba.

Iya ungozoma, wadda suka tsufa tare da Hakim a wannan asibiti, ita ta je ta samu Ustaza da la'asar.

"Dije, tashi mu tahi. Injin Hakim ya ƙi shi, shi ma ya ƙi injin."

"Mi ya same shi, Iya?"

"Wa? Hakim ko injin?"

"Injin."

"Ni na sani? Shina ta nishi kamar mai naƙuda, kuma ba ya haihuwa."

Ustaza ta je ta duba. Tsohuwar kwamfuta ce, da tsohuwar Windows wadda aka daɗe da daina yi wa sabuntawa, ga ƙwayoyin cuta da filash ɗin mutane suka cika ta da su. In aka kunna ta, sai a dafa shayi a sha kafin ta farka. Ustaza ta ce a ranta, ai wannan mai sauƙi ne, a wanke ta a zuba mata sabuwar Windows, tunda ita Hakim ya sani. Ta share yammaci guda tana fama, injin ya fito da rubutu cewa ƙarfinsa bai kai ba. Ta sake gwadawa, ya sake faɗar haka. Ba laifin kowa ba ne, tsufa ne.

Sai ta kira ƙanenta Mukhtar, wanda ya karanta fannin, yake aiki a Damazin.

"Yaya, wannan inji ya tsufa," in ji shi. "Saka masa Linux, halas, shi ke nan."

Ta san sunan. Yana cikin littafin da take koyarwa, layi biyu, kuma kullum tsallake shi take yi.

"To, aiko mini da ita."

"Wace iri? Ubuntu, ko Mint, ko Debian, ko Fedora?"

"Ni Linux na ce."

"Duk Linux ne. Bayan haka kuma sai ki zaɓi fuska. Akwai GNOME, akwai KDE, akwai XFCE, akwai..."

"Tsaya, Mukhtar. Kwamfuta za mu gyara, ko suna za mu raɗa wa jariri?"

Ya yi dariya har da tari. Sannan ya yi mata bayani: tsarin aikin shi ne ginin gidan, fuskar kuma ita ce yadda aka jera kayan ɗaki, inda aka aje tukunya da inda aka rataya ludayi. Gida ɗaya za a iya jera shi kala-kala.

"To wacce ta fi?"

"Ya'ni, ya danganta."

"Da mi?"

"Da abin da mutum yake so."

Ta kashe wayar, ta fi ruɗewa fiye da kafin ta kira. Mukhtar ya zuba kowanne a filash, ya ba direban motar da ke zuwa Sinnar, ta karɓa a bakin titi. Ta ɗaura musu zare. Kafin ta isa asibiti ta manta ja na wane ne, kore na wane ne.

Wanda ta fara sakawa mai fuskar GNOME ne. Ana cikin sakawa aka ɗauke wuta, ta koma farko washegari. Da ya kammala, allon ya fito fes, babu tarkace, har Iya ta ce, "Ma sha Allah, kamar ɗakin amarya." Hakim ya ja kujera, ya sunkuya, ya duba kusurwar ƙasa inda ya saba ganin maɓallin fara komai. Babu. Ya duba ɗaya kusurwar. Babu.

"Ustaza, ina ƙofar?"

"Tana nan, Hakim. Bari in nemo."

Ta nemo, ta nuna masa. Ya fara rubutu da hagu. Gefen hannunsa ya taɓa wani madanni, sai duk abin da ke allon ya ƙanƙance ya ja da baya. Hakim ya janye hannu kamar ya taɓa garwashi.

"Na ɓata shi?"

"Ba ka ɓata ba. Haka anka yi shi."

"Don mi?"

Ustaza ta san masu yin wannan fuska suna da dalili, kuma Mukhtar ya ce shi kansa da ita yake aiki yana jin daɗinta. Ita dai ba ta san dalilin ba, ta kuwa ce masa ba ta sani ba.

Ta goge, ta saka mai fuskar KDE. Wannan ta yi kama da abin da ya saba, ƙofar tana inda yake nemanta. Ustaza ta ji sanyi, ta shiga wurin saiti don ta ƙara masa girman rubutu. Nan ita ma ta ɓace. Kowace ƙofa ta buɗe sai ta tarar da wasu ƙofofin a bayanta. Ta taɓa nan, launi ya canza. Ta taɓa can, agogo ya koma tsakiya. Ta yi ƙoƙarin mayar da shi, sai dogon layin ƙasan allon ya ɓace gaba ɗaya, da ƙofar da agogon da komai. Ta zauna tana kallon hoton da ya rage, gumi yana bin wuyanta.

"Yanzu kuma mi ya faru?" in ji Iya.

"Ni na ɓata shi, Iya."

"To, alhamdu lillahi. Aƙalla yau ba Hakim ba ne."

Mutane suka fara kawo shawara. Wani ya ce a mayar da tsohuwar Windows yadda take. Wani ya ce a nemo sabon inji, bai dai faɗi daga ina ba. Wani da ya taɓa aiki a Suki ya rantse da wani suna da ko Mukhtar bai ambata ba. Ustaza tana sauraren kowa, kuma kowa ya yi magana sai ta ga kamar yana da gaskiya. Ta kai har tana tsayawa a tsakiyar darasi, alli a hannu, tana tambayar kanta ko Mint fuska ce ko gida.

Ƙarshen wata ya matso. Wata rana da ta zo da wani filash ɗin, Hakim ya ɗora hannun hagu a kan injin, ya hana ta kunnawa.

"Ustaza, ki huta. Kin wahala. Ba injin ne ya lalace ba, ni ne. Zan gaya musu su turo wani."

Iya ta aje kwanon da ke hannunta da ƙarfi.

"Ka gaya musu! Sai ka gaya wa Ma'u ita ma ta tahi ta koyo Larabci kafin ciwonta shi tashi."

Ustaza ta mayar da filash cikin jaka, ta tafi gida. Maganar Hakim ce ta tsaya mata. Duk kwanakin nan injin take kallo. Da ta tambayi kanta yadda Hakim yake riƙe linzamin kwamfutar, sai ta ga ba ta sani ba.

Ranar da babu makaranta ta zo asibitin da safe, ba jaka. Ta ce ba abin da za ta taɓa, zama kawai za ta yi. Ta zauna a benci tare da marasa lafiya. Ma'u ɗin da Iya ta ambata, wata tsohuwa ce mai hawan jini, ta shigo tana dogara sanda.

"Hakim, kaina shina kaɗa ganga, kuma in na miƙe sai ƙasa ta gudu ta bar ni."

"Gangar biki ko ta farauta, Inna?"

"Ta farauta."

"Da safe ƙasar ke gudu, ko bayan kin sha ƙwayar?"

Haka ya yi ta bin ta a hankali, da wasa da dariya, har ya gano tana shan maganin ne fiye da yadda aka ce. Da hagu ya auna ta, yana taimaka wa kansa da haɓa wurin ɗaura abin awon. Ustaza tana kallo tana tunanin yadda wannan ganga da wannan ƙasa mai gudu za su shiga kunnen baƙo.

Da mutane suka ragu, ta ce, "Hakim, kunna injin ka yi abin da ka saba. Ni hannuna shina baya."

Ta tsaya a bayansa, ta kuwa gani. In zai buɗe abu sai an danna sau biyu da sauri, hannun hagu kuma ba ya iyawa: tsakanin dannawa ta farko da ta biyu linzamin yana zamewa, sai ya ja abin ya kai shi wani wuri. In zai koma daga haruffan Larabci zuwa na boko don rubuta sunan magani, sai an riƙe madanni biyu a lokaci guda, shi kuwa sai ya karkace yana neman kamo su da yatsu biyu, yana kuskurewa. Kibiyar da ke yawo a allon ma ba ya ganinta, sai ya yi ta kaɗa linzami yana nemanta da ido. Kuma duk cikin abubuwan da ke injin, rubutu kawai yake buƙata, da wurin aje shi, da hanyar aikawa.

Ke ce kika tsaya shiru a bayan dattijo, Ustaza, kika bar shi ya yi kuskurensa a gabanki ba ki karɓe linzamin ba. Duk wanda ya taɓa koya wa wani abu ya san wuyar wannan.

Ta fita waje ta kira Mukhtar.

"Ba wadda ta fi kyau nake tambaya ba. Wacce za ta yarda a danna ta sau ɗaya? Wacce za ta bar mutum ya danna madanni, ya saki, sannan ya danna na biyu?"

"Yaya, ai kusan duka suna yi. Akwai wurin saiti na masu lalura a kowace."

"Duka?"

"Duka."

"Har waɗanda na goge?"

"Har su. Ba ki tambaye ni ba, ni kuma ban tambaye ki wa zai yi aiki da ita ba. Ma'alesh, ki yi haƙuri."

Ta jingina da bango, ta rasa dariya za ta yi ko kuka. Ashe ko da ta san amsar ma, zaɓin yana nan yana jiranta. Ta tuna nishin injin, ta tuna Hakim yana neman ƙofa.

"To a cikinsu wacce ta fi rashin nauyi, kuma ƙofarta tana ƙasa?"

"Mint mai fuskar XFCE."

"Wane zare ke nan?"

"Wane zare kuma?"

Ta koma gida ta ɗauko jakarta. Sai da ta gwada filash biyu kafin ta dace. Injin ya karɓa, ya farka da wuri, nishin ya ragu. Mukhtar yana kan waya yana faɗa mata inda kowane saiti yake, ita tana gyarawa, Hakim yana zaune a gefe yana cewa ya yi ko bai yi ba. Ta mayar da buɗe komai dannawa ɗaya. Ta juya maɓallan linzami suka dace da hagu. Ta ƙara girman rubutu, ta ƙara girman kibiya har ta kai ɗan yatsa. Ta sa madanni ɗaya tak ya riƙa sauya haruffa. Ta kwashe komai daga fuskar allon, ta bar masa manyan alamu na rubutu da na ajiya da na aikawa.

Hakim ya sa yatsa ya danna. Shafin rubutu ya buɗe. Ya rufe, ya sake dannawa, ya sake buɗewa. Ya ciro tabarau ya goge da gefen riga, ya daɗe yana gogewa.

Ruɗanin bai ƙare nan ba. Firinta ta ƙi magana da sabon tsarin sai da aka lallaɓa ta. Rahoton farko da ya buga da yatsa ɗaya, da ya isa ofis aka kira aka ce layukan sun goce, lambobi sun hau kan juna. Ustaza ta fara tunanin ta zaɓi kuskure, a goge a koma farko. Mukhtar ya ce a aika shi a matsayin PDF, wanda ba ya sauya kama duk inda aka buɗe shi. Aka aika. Ofis ya ce ya iso lafiya. Maganar turo wani ba a sake tayar da ita ba.

Har yau in ka tambaye ta ko abin da ta zaɓa shi ya fi, sai ta ɗaga kafaɗa. "Ban sani ba wallahi. Mai yiwuwa da na bar na farkon na gyara shi, da ya yi. Wannan dai shi ya zauna da Hakim."

Bayan wasu watanni, tana zaune a rumfarta da yamma, sai ga Hakim ya yi sallama. Suka gaisa, ta kawo masa ruwa.

"Ustaza, shekaranjiya injin ya fito da wata magana. Wai shina son a sabunta shi."

Ta zabura, ta miƙa hannu wurin takalmi.

"Zauna," in ji shi. "Na karanta, na danna, ya yi abinsa, ya gama. Lafiya lau yake. Na zo ne in gaya miki ban kira ki ba."

Ta koma ta zauna. Iya, wadda ta ji labarin daga baya, ta ce a duk godiyar da aka yi wa Dije a ƙauyen nan babu wadda ta sa ta share ido da bakin mayafi ba sai wannan.

Ustaza Hadizatu, uwar ɗalibai, mai sanyin hannu. Ke ce ba ki ji kunyar cewa kin ɓace ba, kuma ba ki koma gida don kin ɓace ba. Saboda ke, tsofaffinmu har yau suna faɗar ciwonsu da harshen da suke jin ciwon, a kunnen da ke gane shi. Mun gode. Allah ya ba ki hutu mai albarka, ya saka miki da abin da ba za mu iya ba.

Ku kuma matasanmu da kuka karanta wannan fanni, kuka san sunayen nan duka ba tare da zare ba, muna alfahari da ku. Akwai tsofaffin injina a makarantunmu da asibitocinmu, daga Jazira har Damazin, kuma kowane akwai wanda ke zaune a gabansa yana zargin kansa. Ku je ku same shi. Kafin ku ciro filash daga aljihu, ku ja kujera, ku ce masa, "Baba, nuna mini yadda kake yi."